In Ji Zuwera

Duk wanda ya saba tare taksi tsakanin unguwar Gamkalle da Babbar Kasuwa a Yamai, da wuya a ce bai taɓa shiga motar Buba ba. Ko bai riƙe sunan ba, zai tuna direban nan mai ba fasinja labari har ya wuce da shi inda zai sauka. Mutumin Tasawa ne, dogo siriri, furfura ta cinye gemu ta bar kai. Ya zo Yamai yana saurayi da niyyar cin rani ɗaya ya koma kafin shuka, ga shi yau jikokinsa da Zabarmanci suke roƙonsa alewa. Abin da ya riƙe shi kuwa kowa ya sani: kwanon kopto ne, kwaɗon zogalen nan na mutanen bakin kogi, da yarinyar da ke sayar da shi a ƙofar garkar mahaifinta.

Zuwera, yarinyar kopton nan da ya aura, Bazabarma ce haifaffiyar Gamkalle, Hausarta kuma a kasuwa ta tsince ta, guntu-guntu. Namiji ta ce masa "ta", mace ta ce mata "ya", ba ta kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Ranar da Buba ya kai ta Tasawa gaida dangi, gwaggonsa ta saurare ta na ɗan lokaci, sannan ta ce an auro musu rediyo mai kama tasha biyu a lokaci guda. Aka yi ta dariya, ita ma amaryar ta taya su. Sai bayan shekaru Buba ya gane maganar ta zauna mata a rai.

Babban abin shi ne tana son karin magana kamar ranta, amma rabi take kamawa, sauran ta cike da nata. Ranar da yaran maƙwabta suka jefi mangwaro dutsen ya fasa mata tulu, ta dubi ruwan yana bin ƙasa ta ce, "Komai nisan jifa, a kan wani za ta faɗo."

"Ƙasa zai faɗo, Maman Hadiyya," in ji Buba. "Haka aka ce."

"To, ƙasan babu kowa?"

Tun daga ranar ya daina gyara mata, ya koma tarawa. Ita ce ta ce sannu ba ta hana zuwa, amma tana hana samun wurin zama a faba-faba, ƙananan motocin hayan nan na cikin gari. Ita ce kuma, da wata mai saye ta tsaya yaba kyan kopto ba ta miƙo kwano ba, ta ce mata ci ya kori gani. Buba yakan riƙe irin waɗannan a baki wuni guda yana tuƙi yana murmushi shi kaɗai, har fasinja su fara duban juna.

Da babbar waya ta shigo hannunsa, abokinsa Abdoulkarim, tela a Babbar Kasuwa, ya sa shi a wani zaure na intanet da ya buɗe wa ƴan Tasawa mazauna Yamai. A nan ake sanar da suna da rasuwa, a nan ake musun ko an yi ruwa a gida. Buba bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, rubutunsa da yatsa ɗaya yake yi, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Amma kowace safiya, kafin ya tayar da mota, sai ya sa magana ɗaya ta matarsa, ya rufe da kalma uku: in ji Zuwera. Bai taɓa sa nasa sunan ba, bai kuma gaya mata ba. Yana son matar nan ƙwarai, bakinsa ne dai bai iya faɗa ba, yatsan ya fi shi ƙarfin hali.

Ana nan, wata rana ya ɗauko wani ma'aikaci zuwa unguwar Plateau. Suka tarar da wani mai babur ya kauce wa rami ya buge teburin mai shayi. Fasinjan ya girgiza kai ya ce, "Hausawa sun yi gaskiya da suka ce komai nisan jifa, a kan wani zai faɗo."

Saura kaɗan Buba ya hau teburin shi ma. Ya gangara gefe ya tsaya. "Waɗanne Hausawa?"

Mutumin ya ciro waya ya nuna masa wani shafi mai suna Gadon Kaka, mai dubban mabiya. Ga maganar nan an rubuta da ruwan zinariya, an zana wani tsoho mai farin gemu yana riƙe da sanda, a ƙasa an sa "Hikimar magabata". Ya ja ƙasa, ga ta faba-faba, ga ta ci da gani. Babu Zuwera ko a lungu. Ransa ya ɓaci sosai. Shekara da shekaru ana yi wa matar nan dariya a kan bakinta, ranar da bakin ya yi daraja kuma an ɗauke an ba wani tsoho da ko tulu bai taɓa fashe masa ba.

Ya tafi wurin Abdoulkarim, ya same shi da allura a baki. Telan ya saurara, ya cire allurar ya ce, "Buba, zaure hwa zaure ne. Abin da ka ajiye a tsakar tabarma, kowa na da hannu a ciki. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura gaba. Karin magana kuma wa ya taɓa jin tana da mai ita?"

"Ni ban hana kowa ci ba," in ji Buba. "In maƙwabciya ta aiko maka da tuwo, kai da yaranka ku cinye, halak ne. Amma kwanon fa? Riƙewa kake?"

"Maidowa ake."

"To, sunanta shi ne kwanon."

Abdoulkarim ya maida allurar baki, abin da yakan yi in an kayar da shi. Kafin la'asar ya samo lambar mai shafin, ya kuma rubuta wa ƴan zaure sabuwar doka: wanda zai fitar da magana waje ya fita da ita da sunan mai ita.

Mai shafin, Abdulrazak, saurayi ne mai ladabi da ke aiki a wani ofis a Plateau. Buba ya je da shirin faɗa, har ya tanadi maganganu a hanya, sai yaron ya ba shi kujera ya kawo ruwan sanyi, faɗan ya rasa ƙofar shiga. Ya ce shi wallahi a hannu na biyar ko na shida maganganun suka iso masa, tsirara, babu sunan kowa, ya ɗauka tsofaffi ne da bai taɓa ji ba. Buba ya buɗe zauren ya nuna masa su tun daga farko, kowace da ranarta da wutsiyarta. Abdulrazak ya yi ta karantawa yana dariya, daga baya ya daina dariyar.

"Baba, me kake so a yi? In goge?"

"Kar ka goge. Ka cire tsohon nan, ka maida mata sunanta."

Sauran aiki shi ne gaya wa mai abin. Ya tarar da ita a ƙofar gida tana matse zogale, hannu duk kore. Ya tsuguna ya kwashe labarin kaf ya faɗa mata, yana jiran godiya. Zuwera ta ajiye ƙwaryar.

"Baban Hadiyya, mutumin mota ta ce mi? Maimaita."

"Ya ce Hausawa sun yi gaskiya."

"Hausawa." Ta ɗanɗana kalmar a baki. "Gwaggonka ya ce ni rediyo. Yau mutane sun ji maganata sun ce Hausawa ne, kai kuma ka ƙone sansin mota har Plateau don ka ce musu a'a, Bazabarma ce?"

Wannan lissafin bai zo wa Buba ba ko sau ɗaya. Ya ji kunya, ya ji tausayinta, ya fara lalubar waya yana cewa bari ya kira yaron a bar tsohon yadda yake.

"Tsaya. Nuna mini."

Ya nuna mata. An riga an gyara: tsohon ya tafi, an sa hoton ƙwaryar kopto, a ƙasa kuma kalma ukun nan. Ba ta karatun boko, don haka ya ɗora yatsa a kan sunan ya ce ga shi nan. Ta daɗe tana kallo. Ta goge hannu a zane, ta taɓa wurin a hankali.

"Tun yaushe kake rubutawa?"

"Tun da na sayi wayar."

"Kullum?"

"Kullum da safe."

"Naka sunan ina take?"

Ya ce babu, ai maganar ba tasa ba ce. Zuwera ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da matsa, ba ta dube shi ba.

"Ni na faɗa na manta, kai ka tsince. A bar suna, Hausawa sun samu nasu da yawa. Amma ka ce wa yaron nan kwanon ba ta cika ba. Ta rubuta: in ji Zuwera ta Buba."

Washegari da safe motar ta daɗe a ƙofar gida ba a tayar ba. Kalma biyu ce kawai ta ƙaru, amma ƙwalla ta hana idon Buba ganin haruffa sosai.