Shekara Guda a Ƙofar Gidan Alhaji

Da na gama difloma a aikin gona, na koma garinmu Gafasa da takarduna a leda, na zauna kamar aiki zai biyo ni har gona. Abokina, wanda tun firamare muke benci ɗaya, shi ya yi mini faɗa: "Kai dai sakarai ne. Takarda ba ta da baki, sai an san fuskarka."

Ya san wani Alhaji a Gaya, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda in ya sa baki ake ɗaukar mutum aiki. Ni ke da babur, shi ya san hanya, sai muka shirya duk Juma'a in an sauko daga masallaci mu je gaisuwa.

Zuwan farko ya ce in tsaya a waje. "Alhaji ba ya son a yi masa taro. Kawo takardunka, ni zan share maka hanya." Na miƙa masa, har da godiya. Ni dama mai jin nauyin manya ne, sai na ji an sauke mini kaya. Haka muka yi damina, muka yi rani. Suna, ɗaurin aure, ta'aziyya, ba abin da ya wuce mu. In Alhaji ya rako baƙi sai in durƙusa, ya ɗaga mini hannu, in koma gida ina gaya wa Inna an fara sanina.

Da wata ƙungiya ta zo ɗaukar malaman gona, abokina ya samu. Ya ce gurbi ɗaya ne, in yi haƙuri, na gaba nawa ne. Wallahi na taya shi murna, ni ne ma na kai shi ranar kama aiki.

Da ya daina samun lokacin zuwa, na yi ta maza na shiga zauren ni kaɗai. Alhaji ya yi murmushi.

"A'a, ɗan acaɓan yaron nan! Lafiya?"

"Ranka ya daɗe, zancen takarduna ne."

"Takardu? Kai ma ka yi boko?"

Na ce ajinmu ɗaya da abokin nawa. Alhaji ya tafa hannu.

"Yaro, gurbi biyu suka ba ni. Na tambaye shi ko ya san wani mai takarda a yankinku na Ajingi, ya ce bai sani ba. Sai na ba wani ɗan garin Balan."

Rashin aikin na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya har yau, da abokina ya ambaci sunana, ba abin da zai ragu a nasa.