Barcin Nélida a Filin Zari-Ruga

Rigimar da Nélida ta sha kaye a cikinta, wadda har yau in an tuna mata sai ta ja tsaki, a kan safa aka yi ta. Lokacin tana amarya, ba ta gama sanin gidan da ta faɗo ba. Mijinta Ubaldo na cikin ƙartin sahun gaba a ƙungiyar zari-ruga ta unguwarmu a Tucumán, waɗanda aikinsu su sunkuyar da kai su yi ta tunkuɗa kamar shanun huɗa. Yana da wata safa da rabonta da ruwa tun farkon kakar wasa, wai tun da ya fara sa ta ba a ci su ba. Nélida ta same ta a bayan ƙofa tana tsaye da ƙafarta, ta ɗauke ta da bakin tsintsiya ta tsunduma a ruwan zafi. Ranar Asabar aka yi musu dukan kawo wuƙa.

"Ke kika kashe mu, Neli," in ji Ubaldo da ya shigo da hanci a kumbure.

"Ni? Ina gida ina guga na yi ta zubar da ƙwallo a fili? Safar nan ko kare ya daina shiga ɗakin saboda ita."

"Kare ba ya wasa a ƙungiyarmu."

"Da yana yi, da kun ci."

Ta ɗauka ta gama da shi. Sai magana ta fita waje. Mahauci ya daina ware mata tsoka mai kyau. Uwarta ta taso tun daga ƙauye ta ce ita ba haka ta raine ta ba. Daga ƙarshe Nélida ta kai ƙara wurin fada a coci, tana ganin ko kowa ya bauɗe shi dai zai tsaya. Fada ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Camfi zunubi ne, 'yata, ni ban yarda da shi ba. Amma da kin bari sai Litinin."

Haka muke, ba a gyara mu. Abin da mutum ya yi ranar da aka ci wasa, shi zai yi ta yi har ranar da aka sha kashi: kujerar da ya zauna, rigar da ya sa, ƙafar da ya fara fitarwa daga gida. Likita ma haka, alƙali ma haka.

A ƙauyen masu rake aka haifi Nélida, ita da yayarta Amalia, gado ɗaya suke kwana, bargo ɗaya suke ja. Da aka rufe kamfanin sukari suka dawo birni, suka zauna a kan keken ɗinki suna ɗinka fararen rigunan 'yan makaranta. Amalia ce mai baki, Nélida mai hannu. A shekarar da bankuna suka garƙame ƙofa mutane suka fito titi suna kaɗa tukwane, Amalia ta tattara 'ya'yanta ta bi mijinta Italiya, ƙasar kakanninsa. A tashar mota ta ce wa Nélida, "Kada ki yi mini kuka, baɗi ina nan." Gashinsu duka ya yi fari baɗin bai zo ba.

Ita kuwa Nélida, rayuwarta ta Asabar a kicin ɗin ƙungiya ta ƙare. In an tashi wasa, waɗanda suka fasa wa juna baki sai su zauna tebur ɗaya su ci su sha, kuma wata ce take naɗe musu nama cikin kwaɓin fulawa tun safe, abin da muke kira empanada. Empanadar da hannunta ya naɗe, da za a jera ta, da ta kai Buenos Aires ta dawo. Ubaldo ya yi wasa har gwiwoyinsa suka ƙi, kunnuwansa suka koma kamar an tauna an tofar, 'ya'yansu maza suka karɓa, jikoki suka biyo. Duk wannan Nélida ba ta taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Ta tagar kicin take jin sakamako: in ihu ya yi sama an ci, in aka yi shiru a ƙara albasa, don wanda aka doka ya fi ci.

To, da suka tsufa sai 'ya'yan suka haɗa musu tafiya. Ƙungiyar ƙasa za ta zaga Turai ta buga wasa uku, wani kamfani kuma ya shirya bas da otal da tikiti don magoya baya, wai a ga wasa a ga duniya. Ubaldo da bai taɓa wuce Salta da ke maƙwabtaka da mu ba ya yi ta share hawaye da bayan hannu. Nélida abu ɗaya ta tambaya: ina za a yi na ƙarshe? Aka ce Genova, a Italiya. Daga nan zuwa ƙauyen Amalia tafiyar jirgin ƙasa ce ta hantsi guda, kuma an yi alkawarin yini ɗaya na hutu kafin wasan. Amalia kuwa tun bara ɓarin jikinta ya shanye, ba ta fita ko ƙofar gida. Sai Nélida ta ce a sa sunanta. Ta sayi ganyen shayinmu na mate irin wanda yayarta ke so, ta naɗe a cikin rigar barci ta cusa a ƙasan akwati.

Wanda ya ce yawon buɗe ido hutu ne, bai bi Lautaro ba. Shi ne ɗan jagoransu, siriri kamar tsinken tsire, da jar lema da yake ɗagawa sama ko ana ruwa ko ba a yi. Bakinsa kalma ɗaya ya sani: "Mu je, iyayena, mu je!" A London sun ga babban agogo ta gilashin bas. Sun ga fadar sarauta ta bayan kan wani dogon Bajamushe. A wani gidan tarihi, Nélida ta hango benci mai laushi, tana shirin ɗora jiki jar lema ta riga ta kai ƙofar fita. Kullum akwati a buɗe, kullum a rufe, wankin da ta yi a otal ɗin jiya a otal ɗin gobe yake bushewa. Ƙafafunta suka kumbura har igiyar takalmi ta daina kaiwa. Abinci kuwa, ta ce mutanen nan suna dafa nama kamar suna jin haushinsa.

Ubaldo ma ba daɗi yake ji ba, kada a zalunce shi. In zai hau matakalar bas sai ya riƙe ƙarfe ya ja numfashi, yana yi kamar yana kallon sama. Amma shi da amininsa Cacho, wanda suka yi sahun gaba tare tun suna da gashi, sai su zauna a kujerar baya suna rera waƙar ƙungiya da muryoyi kamar ana jan tebur.

Wasan farko a Wales aka yi, cikin sanyi mai shiga ƙashi. Nélida ta zauna hagu da mijinta, ta ja mayafin ulu ta rufe kunnuwa, ta rungume fulas ɗin ruwan zafi. Karo na farko a rayuwarta ga fili a gabanta, ba tukunya, ba albasa. Aka rera taken ƙasa ta miƙe, aka zauna ta zauna, daga nan ba ta san inda take ba. Dubban mutane na ihu, ita tana can ƙauyen rake. Sai girgiza ta ji, Ubaldo na kuka yana sumbatar goshinta.

"Mun ci, tsohuwa! A gidansu!"

"Madalla. A ina ake fita?"

Cacho ne ya fara lura. A bas ya juyo ya ƙura mata ido. "Doña Nélida, tun yaushe kika yi barci?"

"Ban yi barci ba, idona na huta."

"Da munshari?" Ya dubi Ubaldo, Ubaldo ya dube shi. Nélida kuwa ta san wannan kallon.

A Edinburgh, bayan an ja su sun hau wani tsauni sun ga ganuwa cikin hazo, sun sauko ba su ga komai ba, aka kai su wasa na biyu. Ubaldo ya zaunar da ita a hagunsa. Ya gyara mata mayafin yadda yake a Wales, ya ɗora mata fulas a cinya.

"To, kwanta."

"Kai, Ubaldo, ni kaza ce da za a rufa wa kwando in yi barci?"

"Rufe ido dai, don girman Allah."

Ta rufe, amma barci ya ƙi. Duk layin 'yan Tucumán suka koma raɗa, Cacho na daka wa wani Bature harara don ya busa ƙaho kusa da ita. Da kunne ta bi wasan kamar yadda ta saba, ta kuma ji shirun da ta sani: ana cin su. Da aka tafi hutun rabin lokaci Ubaldo ya leƙa fuskarta ya ce, "Idonki biyu, munafuka, ina ganin fatar idon na rawa." Sai gajiyar tsaunin nan ta yi mata abin da roƙo bai yi ba. Ta tafi da gaske. Aka farke, aka wuce, aka ci da ƙyar.

Daga ranar ta daina zama matar Ubaldo, ta koma kayan ƙungiya. Ana ba ta kujerar gaba a bas. Wata mata daga Rosario ta nemi su yi hoto. Cacho ya hana ta gyangyaɗi da rana, wai kada ta ƙarar da barcin kafin Asabar. A Paris, inda aka ba su rabin yini su ga abin da mutane ke shekara suna gani, ta jingina da wani ginshiƙi a bakin kogi, sai ga shi a kanta: "A'a, Doña, a tanada, a tanada."

Ita dai lissafinta na wurin yinin hutu. Sai jirginsu ya makara a Paris, suka yini a filin jirgi a kan akwatuna. Da suka sauka Italiya, Lautaro ya ɗaga lema ya ce labari mai daɗi, ba za a fasa ganin hasumiyar nan mai karkata ba, an matsar da ziyarar zuwa ranar hutu, bas kuma daga can zai wuce da su Genova, ba mai komawa baya. Aka tafa masa. Nélida ta tsaya a gaban hasumiyar tana kallon tsofaffi suna miƙa hannu wai suna tare ta kada ta faɗi. Saura ranar wasa kaɗai, washegari da asuba sai gida.

Da yamma 'yar Amalia ta kira, ta kara wa uwar waya a kunne. Muryar ta zo a karkace, kalma na jan kalma. "Neli. An gyara miki gado. Kusa da nawa." Nélida ta ce to. Ta daɗe zaune a bakin gadon otal da takalmi ɗaya a ƙafa.

Da safe ta sauko ɗakin karin kumallo da jaka a hannu da kwat ɗinta na zuwa coci. Ubaldo na zaune da Cacho, sun sha riga mai ratsin shuɗi da fari, tumbi ya cika ta. Ya ga jakar, ya ajiye kofi.

"Ina zuwa?"

"Tashar jirgin ƙasa. Wurin Yaya."

"Yau? Neli, yau fa wasa."

"Na sani, ai tun daga Tucumán nake jin labari."

"Saura ɗaya! Ba a taɓa kai ni ko'ina ba, tsohuwa, sai yanzu, kuma ga shi muna ci. In kin tafi aka doke mu, da wane ido zan dubi mutanen bas?"

"Da wanda ka dube ni da shi jiya a gaban hasumiya."

Cacho ya sa baki. "Doña, a yi haƙuri, a kira ta a waya mana. Ko bayan wasa a nemi mota..."

"Bayan wasa jirgin ƙarshe ya wuce, Cacho, na tambaya. Kai kuma ci burodinka, da mijina nake."

Mutanen bas sun fara taruwa, kowa da tuta a wuya. Matar Rosario ta ce ai ƙasa ce gaba da komai. Lautaro ya leƙo da lemarsa ya ce mu je, iyayena, ba wanda ya kula shi. Ubaldo ya miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya riƙo hannun kwat ɗinta. Ba faɗa a muryarsa, tsoro ne zalla, irin na ƙaton da bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

"Ba ki gane ba ne. Kujerar hagu, mayafin, barcin, duka tare suke aiki. In aka cire ɗaya, shi ke nan. Yaran nan sun dogara da ke ba su sani ba."

Nélida ta dube shi, ta dubi 'yan rigar shuɗi da suka kewaye ta kamar masu jiran a raba gado. Ta kwance mayafin daga wuyanta ta rataya wa Cacho, ta danƙa masa fulas.

"Ga mayafi, ga kujera, a zaunar da Cacho a hagunka, dama tun London yake hamma. Barci kuwa, Ubaldo, in nawa ne ke ci musu wasa, ka aika a gaya wa yaran su kwantar da hankali. Wanda na yi a kan kujerar roba cikin sanyi ma ya ci Turawa biyu. Yau a kan gado zan yi shi, kusa da 'yar'uwata."