Rigar Yaron Mingreliya

A unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, ɗakinmu ɗaya ni da Umma, katako ne ya raba mu da wata tsohuwa 'yar Jojiya mai ɗinki. Shekarata goma sha ɗaya. Idan na dawo makaranta Umma tana wurin aiki, sai in zauna a wurin tsohuwar ina tsince mata allurai. Ba na magana, ita kuma haka take so.

Gadonta ba ta kwana a kansa, a ƙasa take shimfiɗa. A kan gadon akwai wata baƙar riga ta yaro, an miƙe hannayenta, ƙirjinta da jerin ƙananan aljihu kamar bakin sarewa. Ko da rana tsaka, in na taɓa ta sanyi gare ta, tana warin ƙasar da aka yi wa ruwa.

Da gutsuren Turanci da Larabci ta ba ni labarin. Yankinsu, Mingreliya, da can ƙasa ce mai sarkinta. Maƙwabta suka matsa musu, sarkin ya nemi Rasha ta tsare shi daga gare su. Ta tsare shi, ta bar masa kujerarsa, tana karɓar sauran abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sarki na ƙarshe yaro ne. Aka tafi da shi arewa, can Rasha, tare da uwarsa, da ya girma ya sauka daga sarautar.

Kakar kakarta ce mai wanki a gidan sarkin. A al'adarsu, wanda ya mutu a nesa kayansa ake shimfiɗawa a gado a yi masa kuka. Matar ta shimfiɗa rigar yaron alhali yana raye, ba ta ƙara naɗe ta ba. Daga ita sai 'yarta, sai jikarta, har rigar ta iso nan. Ita kuwa tsohuwa mai ɗinkin ba ta haihu ba, bizarta ta kusa ƙarewa, ga tari.

Wata Alhamis ta ce in sa rigar. Na kasa musu. Ta zauna mini cif. Tsohuwar ta miƙe tsaye, ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana magana da yarensu da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba. Ba ni take kallo ba, wuyan rigar take kallo.

Da na cire, ta riƙe hannuna.

"Habibti, ki karɓe ta. Gado kawai take so."

Na tuna gadonmu ɗaya, na ga kaina a ƙasa har tsufa. Na ce a'a, a hankali, har sai da ta matso na maimaita.

Ba ta yi fushi ba. Ta haɗa hannayen rigar a ƙirji, ta ninka ta uku, ta ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Sannan ta hau gadon da takalmanta, ta juya wa bango fuska. Na tsaya riƙe da gwangwanin allurai har Umma ta buɗe ƙofa.