Kwanakin da Na Hana Dubiya

Shekarar da aka gano Yaya tana da sankarar mama, ni ne ɗan rakiyarta zuwa asibiti. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta duk mata ne suna ɗakunansu, ita kuwa ta dawo gidanmu na gado a Jakara, ƙofar ɗakinta tana kallon tawa. Ita ta goya ni ina yaro, saboda haka ba a ma zauna shawarar wanda zai riƙa kai ta ba.

Ban yi boko ba. Ajami na iya, da shi nake rubuta wasiƙa da duk abin da nake tsoron mantawa. Ranar da za a fara yi mata ƙarin ruwan nan da suke kira kemo, na tafi da littafina a aljihu. Likitar mace ce, da ƙyar in ta girmi 'yata ta fari, amma Allah ya ba ta haƙurin bayani. Da ta ga ina rubutu daga dama zuwa hagu sai ta ce, "Malam, addu'a kake rubutawa?"

Na ce, "Maganarki nake rubutawa."

Ta ce, "To bari in yi a hankali."

Har yanzu shafin yana nan. Ta ce maganin ba shi da idon da zai gane ciwo ya bar lafiyayyen wuri. Shi dai duk abin da ke saurin hayayyafa a jikin mutum yake bi ya kashe. Sankara tana saurin hayayyafa, amma haka tushen gashi yake, haka fatar cikin baki, haka ɓargo, inda fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke fitowa. Don haka gashi zai zube, baki zai yi miki, kuma daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kowane ƙarin ruwa jikin Yaya zai zama gidan da ba mai gadi. Tarin da mai lafiya zai yi kwana biyu ya manta da shi, ita zai iya shiga jininta. A waɗannan kwanakin kada a cika mata ɗaki. Ta ba ni ma'aunin zafin jiki, ta nuna mini lambar talatin da takwas, ta ce in ya kai nan in kawo ta a lokacin, ko da ina tsakiyar cin abinci. Kada a ba ta farasitamol kafin a auna, don yana rufe zazzaɓi ne ya bar cutar tana aikinta. Kada kuma a ba ta kafso na kowa.

Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Na ɗauka shi ke nan, tunda na rubuta.

Ruwan da aka rataya mata ja ne jawur. Yaya ta dube shi ta ce ashe a asibiti ta jijiya ake shan zoɓo. Zagayen farko ya wuce da amai da kasala, kuma babu wanda ya sani sai mu. A zagaye na biyu ne gashinta ya bi mataji, labari ya bi lungu, dubiya ta fara.

Ba na zagin dubiya. Haƙƙin musulmi ne a kan ɗan'uwansa, ni ma na karantar da hakan. Amma wanda bai ga dubiya a cikin birni ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Tun da hantsi takalma suke taruwa a bakin ɗakin Yaya, har mai wucewa bayi sai ya tsallaka. Ɗaki ne mai taga ɗaya, ga damina, ga mata takwas ko goma a kan tabarma, wata da goyo, wata tana atishawa cikin mayafi tana cewa ai raɓa ce. Kowa sai ta matso ta kama hannunta ta tofa mata addu'a. Kuma babu mai zuwa hannu rabbana. Wata lemo, wata zuma, wata fura, wata kuwa ƙullin magani da ya warkar da wata mata a unguwarsu wadda ita ma ba ta taɓa gani ba.

Na shiga wurin Yaya da littafina na karanta mata shafin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Auta, mutane kake so in kora? A gidan nan? Ranar da na mutu wa zai yi mini wanka?"

Na ce, "Ai don kada ranar ta zo da wuri nake magana."

Ta ce, "Kai dai ka faye tsoro tun kana yaro. Ja mini labule."

A cikin masu zuwa kullum akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, daga Ƙofar Ruwa. Tsohuwa ce mai ƙarfi da alheri, kuma tana da wani tsohon gwangwanin alewa da ba ta rabuwa da shi. Gwaggo ba ta taɓa shanye maganin da aka rubuta mata ba. Da ta ji sauƙi sai ta ajiye ragowar, ta ce zubar da shi almubazzaranci ne, shanye shi kuma haɗama. Shekara da shekaru gwangwanin ya cika da ƙwayoyin da ba su da suna sai launi. Abin alfaharinta shi ne kafso ja da yalo, wanda a wurinta yake maganin haƙori da gudawa da maruru da duk abin da ya rage.

Na tare ta a zaure, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayanin ɓargo da masu gadin jiki yadda na iya.

Ta ce, "Wa ya faɗa?"

Na ce, "Likita."

"Yarinyar nan da aka ce ko aure ba ta yi ba? Kai, a gabana aka yanke maka cibiya. Matsa in wuce."

Na matsa. Wannan matsawar ita ce laifina, kuma ban taɓa ɗora wa wani ita ba.

Kwana na goma bayan ƙarin ruwa na biyu ya faɗo ranar Juma'a. Kafin in tafi masallaci na leƙa na ga Yaya a ƙudundune cikin bargo, Gwaggo a gefenta. Suka ce sanyin ruwan da aka yi ne. Da na dawo na auna ta, ma'auni bai kai inda aka nuna mini ba. Na sake aunawa bayan la'asar, haka. Na yi hamdala, na rubuta a littafi cewa lafiya lau.

Washegari da hantsi na ji gadon ƙarfenta yana ƙara. Na shiga na tarar tana karkarwa, haƙora suna haɗuwa, ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Ma'auni ya wuce talatin da tara. Da na ɗaga matashi don in tallafe ta, sai ga takardar farasitamol an ɓalle shida, ga kuma wani ɗan ƙullin leda da kafso ja da yalo guda ɗaya a ciki. Daga baya ne Yaya ta faɗa mini yadda aka yi. Tun safiyar Juma'a zazzaɓin ya fara. Gwaggo ta ba ta kafso biyu da farasitamol, ta ce kada a gaya wa Auta, don zai kwashe ta ya kai a ƙara ɗura mata jar gubar nan. Yaya ta san an hana. Amma ƙanwar uba ta miƙo mata abu da hannunta, ga mutane suna kallo, ta ji kunyar ta ce a'a. Ni kuma na yi ta auna jikin da aka riga aka rufe wa baki.

Mota ba ta shiga lungunmu. A kan kujerar roba maƙwabta huɗu suka ɗauke ta, muna tsallake kwata, har bakin titi inda muka sami adaidaita. Ban san abin da na karanta a hanya ba, na dai san bakina bai tsaya ba.

Likitar ta tambaye ni tun yaushe, me ta sha. Na miƙa mata takardar da ƙullin. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Juya kafson kawai ta yi a tafin hannunta, ta ce, "Malam, ai ka rubuta."

Aka ɗebi jininta don a ga wace cuta ce ta shiga, amma ba su jira sakamako ba, nan take suka rataya mata maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ta jijiya. Bayan an natsu likitar ta zauna da ni a kan benci. Ta ce waɗannan magungunan kowanne da irin ƙwayoyin cutar da yake iya kashewa, ba ɗaya ne ke kashe duka ba. Kafso biyu na shekarun da ba a sani ba, ba za su kori cuta daga jini ba, iyakarsu su dame gwajin da za a yi. Kuma duk wanda ya sha rabi ya ajiye rabi, raunana ya kashe ya bar ƙarfafa, su ne za su hayayyafa, gobe maganin ya daina jin su. Na tuna gwangwanin Gwaggo da gidajen da ya zagaya a shekara talatin.

Kwana biyu ba a ce mana ga inda aka dosa ba. A rana ta uku zafin ya sauka, ta buɗe ido ta nemi koko, ta kuma ce wanda aka kawo ya tsinke. A nan na san Allah ya bar mana ita. Sai dai an ɗaga ƙarin ruwa na uku sai jininta ya farfaɗo, kuma likitar ba ta ɓoye mini ba cewa duk jinkirin da aka yi, ciwon ne ke samun hutu. In aka sake irin wannan, ta ce, ba ta da tabbacin za a ci sa'a sau biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai a asibitin nan shi ne masu dubiya sun biyo mu. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba shiga, suka ce to, Allah ya ƙara sauƙi, suka juya. Babu wadda ta tuna mata da cibiyarta. Har Gwaggo sai da ta ce mata sannu da aiki. Ni da na yi mako guda ina roƙo a durƙushe!

Amma a nan na lura da wani abu. Kowace kafin ta juya sai ta ce mini, "Malam, a gaya mata na zo." Wata har sau uku. Na gane ba shiga ɗakin ne ya fi damunsu ba, tsoronsu kada a ce wance ba ta zo ba.

Da aka yi ƙarin ruwa na uku, ranar kwana na bakwai na shimfiɗa tabarma a zaure, a daidai hanyar shiga, na ajiye sabon littafi da wani tsohon kwano. Duk wadda ta yi sallama sai in ce, "Hajiya, zauna in rubuta ki." In rubuta sunanta da unguwarsu da addu'ar da ta yi da abin da ta kawo. Lemo da zuma su shiga ciki, magani ya shiga kwano. Wasu sun yi gunaguni, wata ta ce ashe gidan ya koma ofis. Amma sai ga shi suna leƙa shafin don su ga an rubuta su daidai, wata ma ta sa na ƙara cewa a ƙafa ta zo daga Ƙofar Dawanau.

Bayan la'asar nakan wanke hannu in kai wa Yaya littafin. Ta iya ajami, makarantar allo ɗaya muka yi. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ta ce na mai da ita fursuna. A na uku na tarar tana bin shafi da yatsa, tana cewa, "Ka ga, matar nan da na yi wa zaman suna har yau ba ta zo ba." Daga ranar ita ke tambayar littafin tun kafin in kawo.

Gwaggo ce ta ƙi. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ni za a rubuta kamar baƙuwa?"

Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, yau ba zan matsa ba."

Na gyara zama a kan tabarmar. Ta dube ni ta dubi kwanon. A ƙarshe muka daidaita a kan ta shiga tsakar gida ta tsaya jikin rijiya, gwangwani kuma ya jira ta a zaure. Daga can take ɗaga murya ta gaishe da Yaya ta taga, har maƙwabta suna amsawa ta katanga. Haka muka yi a sauran zagayen duka. Zazzaɓi bai sake zuwa ba, ba a sake ɗaga ƙarin ruwa ba, aka gama, aka yi mata aiki. Gashinta ya dawo fari fat, tana nan tana yi mini faɗa a kan koko.

Gwaggo kuwa har gobe tana faɗa wa mutane cewa kafsonta biyu ne suka riƙe yarinyar nan har aka kai ta asibiti. Na daina musu. A watan jiya na yi ciwon haƙori, ban san wanda ya kai mata labari ba, sai ga maƙwabciyarta da ƙullin leda, ja da yalo guda biyu, wai in sha ɗaya in ajiye ɗaya. Na ce a yi mata godiya, na jefa su cikin kwanon.