Malam Lawali ya tafi bai gaya mini wace mangaza ce ba

Yau da safe ina sa takalmi aka kira ni a talho, aka ce Malam Lawali ya rasu. Na ce wane Lawali? Aka ce maƙwabcinka na mangaza. Na ce ƙarya ne, jiya da la'asar muka rabu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ko ciwon kai bai yi ba. Ya dawo daga sallar asuba, ya jingina da bango yana lazimi, shi ke nan.

An kai shi makwancinsa da hantsi, amma har yanzu hankalina bai dawo jikina ba. Ina rubutu ina gogewa.

Ga waɗanda ba su san mu ba: mu shida ne masu sayar da wake a layi ɗaya nan Cadawa. Mangaza shida, wato ɗakunan ajiyar kaya, kwano ɗaya ya rufe su, kuma bangon da ke tsakani bai kai rufi ba. In mutum ya sa wa buhunansa ƙwayar maganin ƙwari ya kulle, iskar maganin sai ta haura ta shiga mangazar maƙwabci. A ciki kuwa 'yan dako ke kishingiɗa in rana ta yi zafi.

Mun daɗe muna ganinsu da amai da jiri, muna cewa zazzaɓi ne. Ni har cewa nake yi lalaci ne. Malam Lawali ne ya zauna da su a ƙasa ya tambaye su: yaushe abin ke kama ku, kuma a wane ɗaki? Daga bakinsu ya gane.

Sai ya tara mu shidan, aka yi magana ɗaya. Duk wanda zai sa magani ya gaya wa Malam Lawali, shi kuma ya sanar da na kusa. Ba mai buɗe ƙofa sai kwanakin sun cika an bar iska ta ratsa.

Ranar ban yi masa da daɗi ba. Na ce, "Malam, yaushe aka naɗa ka jandarma?" A raina na ɗauka dabara ce, yana son sanin buhu nawa kowa ya ɓoye. Dariya kawai ya yi ya ce, "Sani, wakenka naka ne. Numfashin mutanen ga ne ba naka ba."

Shekara huɗu ina masa kallon abokin takara, kuma a shekarun nan ban ƙirga sau nawa ya turo mini mai saye in nasa ya ƙare ba. Ran da wani ɗan dakona ya yanke jiki ya faɗi, shi ya goya shi a moto zuwa likita, ni ina tsaye ina ta faɗa da mutane. In ya sayi fura sai ya aiko mini da rabi, wai in sha zuciyata ta huce.

Aboki ne? Maƙwabci ne kawai? Wallahi yau na rasa sunan da zan ba shi.

Jiya da la'asar ina waya da mai kamiyo, babbar motar da za ta zo daga Gazawa ɗaukar kaya bayan kwana biyu, sai ya leƙo ya ce, "Sani, kak ka buɗe mangaza sai mun yi magana." Ko kallonsa ban yi ba. Na ɗaga hannu na ce, "To, to, gobe."

Goben ke nan.

Da muka dawo daga maƙabarta na tsaya ƙofar mangazata da makulli a hannu, na kasa sa shi. Wa ya sa magani? Na dama ko na hagu? Yaushe? In na buɗe gobe, mutum takwas za su shiga su yini suna ɗaukar buhu. In ban buɗe ba kamiyo ya koma wayam. Na kira maƙwabcina na dama, talhonsa a kashe, an ce yana Maradi. Na hagu ya ce ƙanensa ke riƙe da makulli, bai sani ba. Kowa na cewa, ai Malam Lawali ne ya sani.

Ina wannan zarya, Baba Isuhu, babban 'yan dakonmu, yana zaune a inuwa yana kallona. Can ya ce, "Alhaji, mi kake nema?"

Na gaya masa, a fusace ma.

Ya ce, "Ta dama ce. Shekaranjiya da sahe aka sa. Ba a shiga taka sai bayan kwana biyar."

Na ce, ya aka yi ka sani?

Ya ce, "Duk mun sani. Kullum da sahe Malam yana zama da mu shi gaya muna, mu ma mu gaya mishi abin da muka ji. Kai ne ba ka taɓa tambayarmu ba."

Na mayar da makullin aljihu. Ya ƙara da cewa akwai saura. Mangazata ce kaɗai ba ta da taga a baya, ita ta fi riƙe warin magani, sun daɗe suna son in fasa bango a yi mata. Sun kasa gaya mini saboda faɗana, shi ya sa suka roƙi Malam Lawali ya yi mini magana. "Ya ce jiya zai same ka," in ji shi.

Ya same ni kuwa. Ni ne na ɗaga masa hannu.

Ban san ko maganar magani ce ya zo da ita ba, ko ta taga, ko wata da ba wanda zai sake ji. Kunya ta kama ni, kuma ba wanda zan ba haƙuri.

Na kira mai kamiyo na ce kar ya zo. Ya yi ta masifa, na bar shi ya gama. Na aika a kira magini. Gobe da safe Baba Isuhu ya ce in zo in zauna da su, na ce to, amma ban san da wace tambaya ake farawa ba. Mutum takwas ke yi mini aiki, sunan uku kawai na sani.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Lawali, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka saka masa da kowane numfashi da ya tsare wa bayinka. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka dubi marayunsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah kar ka wuce ba ka yi masa addu'a ba. In da saura, ku sa da ni, Allah ya ba ni kunnen saurare tun masu yi mini magana suna da rai.