Ɗakin da Na Jingina da Bangon Sito

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni mai zaman gida ce, karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. A lokacin muna zaune a wani lungu kusa da Kasuwar Shanu a nan Maiduguri. Maigidana direban tirela ne, yana kai shanu Kudu, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. A bayan gidanmu akwai wani tsohon sito, tun na zamanin da ake tara fata da ƙaro a loda wa jirgin ƙasa. Bangonsa kauri gare shi, ko a tsakiyar bazara ka dafa shi sai ka ji sanyi kamar jikin randa.

Da na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye, idonta ya tafi, zafi kuma yana wahalar da ita, sai na ce a yi mata ɗaki a jikin bangon nan. Haka ake yi a lungunmu, a tayar da bango uku, na huɗu a ari na sito, a huda shi a cusa katakon rufi. Maigidan bai so ba, na bari ya yi tafiya na kira magini. Maginin ma ya ce mini duk ranar da mai bango ya tashi, ba zai yi sallama da ni ba. Na ce masa shi dai bulo yake so ya sayar, siton da ya girmi kakansa ina za shi? Tsohuwa kuwa ta ji daɗin ɗakin, har tana tsokanar jikokinta da Kanuri cewa ita ta samu na'urar sanyi da ba ta jiran a kawo wuta.

Bayan wasu shekaru sai na fara jin ƙishin-ƙishin an sayar da siton, za a rushe a yi jerin shaguna da wurin ajiye manyan motoci. Na ji a bakin matar mai gadin siton, na ji a wajen ɗiban ruwa, har muryar masu awon fili na ji ta bayan bango. Ƙofar siton tana can ɗaya titin, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Amma ban zagaya na ce musu akwai mutum a jikin bangon nan ba. Ina tsoron su ce in cire ɗakin, maigida ya ce ai ya faɗa. Na riƙa ce wa kaina irin wannan magana ta daɗe tana yawo.

Wata safiya ina wanke wake a tsakar gida, tsohuwa tana ɗaki da carbinta, sai na ji ƙasa tana rawa. Katafila ce ta shiga siton. Daga ciki kuwa babu abin da direban yake gani sai bango tsirara. Kafin in kai ƙofar ɗakin rufin ya zauna. Mahautan lungunmu ne suka zagaya da gudu suka tsayar da shi, wasu suka ɗaga katakon da ya danne wa tsohuwa ƙugu. Direban ya zo yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa da an ce masa ko akuya ce a wurin da bai taɓa bangon ba. A asibiti, da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne a gaya wa yaron nan ta yafe masa, ai shi bai sani ba. Wallahi da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Yanzu shaguna sun tashi a wurin, da gilashi da tayil, ana ta sauke kaya. Abin da na koya shi ne gari ba ya tsayawa don kai kana zaune. 'Yan'uwana da ke zaune a jikin tsofaffin masana'antu da sito-sito, in kun ji ana awo, ku yafa mayafi ku je ku faɗi abin da ke bayan bango, kunyar yini ɗaya ce. Tsohuwata tana nan da rai, amma ba ta ƙara taka ƙasa ba. Ita da ta goye ni, yau ni ke goya ta zuwa banɗaki, kuma har yau ba ta taɓa tambayata ko na sani ba.