Kawu da Muryar Auta

Kawuna bai yarda da gajeriyar hanya ba. Idan ya ɗauke ka a mota zuwa kasuwa, sai ya zagaya da kai ta bayan gari, kana huci yana murmushi, abin haushin kuma ku riga kowa isa. Aikinsa ne ya mayar da shi haka. Kamfaninsu yana da na'urori a garuruwa daban-daban, kuma idan mutum ya yi kira ta intanet, Kawu ne ke tsara ta wace na'ura muryarsa za ta bi. Inda cunkoso ya yi yawa sai ya kauce, ko da ɗaya hanyar ta fi nisa. Murya yake sa wa gaba, hotuna da bidiyo su jira, don a cewarsa hoto yana da haƙuri, murya ba ta da shi.

Ofishinsa ɗan ɗaki ne mai sanyi kamar firij, da rigar sanyi yake yini a ciki har ya saba, yakan manta ya fito sanye da ita cikin rana. Kunne kuwa Allah ya ba shi. Kafin kwamfuta ta nuna layi ya lalace, shi ya riga ya ji.

Shi ya raini 'yarsa Auta tun rasuwar mahaifiyarta. Da ta tafi karatu ƙasar waje, duk ƙarshen mako takan kira shi a waya da yamma, shi kuma ya zauna a falo da kwamfuta a cinya, wai don kada 'yar injiniya ta sha wahalar layi. Da ta fara magana sai ya ɗaga yatsa.

“Auta, muryarki tana rawa. Dakata in canja miki hanya.”

Ta dakata. Ya canja.

“Yauwa, ƙirga min daga ɗaya in ji.”

Haka kiran zai ƙare, ta ƙirga, ta gaishe shi, ta ajiye. Ni da na ji ta sau ɗaya na san kewa ce ke cin yarinyar nan, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa sai shi. Na gaya masa, ya ce ɗan nan ba ka san aikin ba. Tausayinsu ya kama ni su biyun, don kiran nata ya fara gajarta, wani makon ma ba ta kira ba.

Kawu ya ɗauki abin da zafi. Ya roƙi abokan aikinsa suka buɗe masa hanya mafi tsabta da suke da ita, wadda ake ajiye wa manyan kamfanoni. Ranar da ta kira ina nan zaune. Layin ya fito tas, har ƙarar fankar ɗakinta muna ji, kuma muryar tana nan tana rawa kamar kullum.

Ya daɗe yana kallon kwamfutar, babu abin gyara ko ɗaya. Na ga yatsan nan nasa ya sauka a hankali.

“Auta, layin lafiya lau yake,” ya ce. “Kuka kike yi?”



“Na daɗe ina yi, Baba.”

Ya rufe kwamfutar, ya ajiye ta a ƙasa kusa da takalminsa, ya riƙe wayar da hannu biyu.

“To, faɗa min, 'yata. Tun daga farko.”

Na tashi na ja musu ƙofa.